Jirgin da Ya Biyo ta Jega

Daga Barakatu 'yar Malam Jibrin, a Maiyama, zuwa ga Ladan mai hoto, a Jega.

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, kai da matarka Safiya da duk wanda ke cin tuwon gidanka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. Gero ya yi kyau bana, dawa ma ta fara sunkuyar da kai.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabon da mu haɗu tun rasuwar maigidana. Kada ka ce sai da bukata ta taso na tuna da kai, ko da yake gaskiya ce. Kakarka Asabe ƙanwar kakana ce, saboda haka kai ɗan mace ne, bawana ne har gobe. Ba roƙonka zan yi ba, aikenka zan yi.

Maganar yaron nan ce. Ka san wanda nake nufi, na farin, wanda bakina ba ya kiran sunansa. Tun shekarar da fara ta cinye gonaki, da ya tafi cin rani, ban sake sa shi a ido ba. Sauran da na haifa duk ƙasa ta rufe su, shi kaɗai ya rage mini. Labarinsa sai a bakin fatake. Yau a ce yana Zariya, gobe a ce yana Kano yana yi wa Turawa aiki a filin da jirgin sama ke sauka, shi ke mirgina musu gangunan man da jirgin ke sha.

Shekaranjiya Ɗantsoho mai irin albasa ya zo daga Aliero, ya tsaya a zaure ya ce a kira ni. Wani falke ne ya ba shi saƙo ya kawo. Ya ce, “Inna, ɗanki yac ce a hwaɗa miki yana cikin jirgin da za shi biyowa ta Jega ran kasuwa ta hwarko ga watan Rajab. Yac ce ba su daɗewa, wucewa za su yi.” Na ce masa to, madalla, kamar labarin ɗan wani ya kawo mini. Sai da na shiga ɗaki na zauna ina maimaita saƙon ni kaɗai. Washegari masu dawowa daga wajenku suka ce an yi shela a kasuwa, jirgin sama zai ratsa ta kan Jega a wannan ranar a hanyarsa ta Sakkwato, kada kowa ya tsorata. Ka ga magana ta haɗu.

Ladan, zan rubuta maka abin da ba zan iya faɗa da baki ba. Tun ranar da aka wanke shi aka miƙa wa kakarsa, ban taɓa kallon fuskar yaron nan son raina ba. Ɗan fari ne. In ya shigo ta nan sai in kau da kai can, in ya gaishe ni in amsa wa bango. Haka aka yi mu, ban kuma ga laifin kowa ba. Amma yau in aka ce in faɗi yadda idonsa yake, sai in yi ta lalube. Abin yana ci mini rai.

An ce akwatinka yana kama mutum ya zaunar da shi a takarda. Na san abin da malamai ke faɗa a kan sana'arka, ni ma na taɓa taya su. Duk da haka ka kama mini shi in ya zo wucewa, in samu abin da zan rufe ƙofa in kalla ba mai ganina. Allah ya ba ka iko. Wassalam.

*

Daga Ladan, a Jega, zuwa ga uwar gijiyata ta ƙarfi da yaji, Yaya Barakatu, a Maiyama.

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki. Takardarki ta iso, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Muna lafiya, Safiya na gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi. Maganar bauta kuwa, uwar gijiyar da ba ta taɓa ɗinka wa bawanta ko hula ba, sai a hankali.

Ni ba ɗan farina ba ne, don haka zan kira shi da sunansa. Na ji daɗin labarin Usmanu ƙwarai. Amma abin da kika nema ba ƙaramin abu ba ne, bari in warware miki.

A gaban akwatin hoto akwai wani gilashi da haske ke bi ya shiga, mu ido muke ce masa. Idon da nake da shi gajere ne. An yi shi ne don angwaye da akawuna da dillalan fata, masu zama a kujera su ƙame. Yana haɗiye fili da yawa, sai dai duk abin da ke nesa ƙanƙancewa yake. In na ɗaga shi sama, jirgin zai fito miki kamar ƙuda a kan farin zane.

Akwai wani Bature mai sayen fata a nan, mutane na ce masa Mai Tsuntsaye, don in ya tashi aiki fadama yake shiga yana ɗaukar hoton tsuntsaye, ko ɗaya bai taɓa kawowa an soya ba. Ni nake wanke masa hotunansa. Na je na gaya masa bukatata, ya fito da ido biyu ya ajiye a tebur, ya ce in ari wanda nake so.

Na farko matsakaici ne. Ba shi da nauyi, yana shigar da haske sosai, ko hannu ya ɗan motsa yana yafewa. Da shi na tabbata zan kama jirgin gaba ɗayansa, da fukafukai da wutsiya, tsawon ɗan yatsa a takarda. Amma kan mutumin da ke ciki ba zai wuce ƙwayar dawa ba. Za ki ce ga mutum, ba za ki ce ga wane ba.

Na biyun dogo ne, ya kai kamu guda, ga nauyi. Na ɗaura shi na leƙa daga barandar Baturen, sai ga wata mata tana wanki a ƙetaren gulbi, har facin da ke zanenta na gani. Da wannan ana iya samun fuska. Sai dai matsatsi ne, kamar mai leƙe ta cikin kara. Abin da ya kauce kaɗan ya fita ke nan. Yana rage haske, kuma ko numfashi na ja da ƙarfi hoton sai ya dame. Jirgi kuwa an ce ya fi kowane doki gudu. Sauya ido yana cin lokaci, ba zai tsaya jirana ba, dole da ɗaya za a tare shi. Baturen ya ce in shi ne, matsakaicin zai ɗauka, ya koma gida da wani abu a hannu.

Wani abu kuma na damuna. Na tambaye shi ko suna ɗaukar ɗan ƙasa a jirgin nan. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya taɓa jin an tafi da ma'aikaci in ana bukatarsa a gaba, amma bai gani da idonsa ba. In Ɗantsoho na kusa, ki sa ya maimaita miki saƙon daki-daki.

Ga su nan na shimfiɗa miki. Ɗaya tabbas ne amma ba fuska, ɗaya akwai fuska amma muna iya tashi da farar takarda. Ɗanki ne, ke za ki zaɓa. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

*

Daga Barakatu, a Maiyama, zuwa ga Ladan sarkin surutu.

Bayan gaisuwa. Ina lafiya, ruwan zafin Safiya ya yi amfani, ka yi mata godiya.

Takarda cike fal, a kan abin da kalma ɗaya ta isa. Me zan yi da hoton jirgi? Ni na haifi jirgi? Ka ɗauko dogon. In an samu, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, dama ban da shi jiya.

Ɗantsoho ya yi wajen Gwandu da irinsa, ba a san ranar dawowarsa ba. Kuma me zan sake tambaya? Jirgi aka ce, rana aka faɗa, shela ta zo ta gaskata. Kai da Baturenka kuna ganin yaron nan bai isa a ɗauke shi ba ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana shayar da abu, ranar tafiya sai a ce ba shi da wurin zama? Raina ya ɓaci da wannan layin naka, ban ɓoye maka ba.

Tunda ka ce abin na son hannu, ka tashi ka koya tun yanzu, kada ka zauna kana ba mutane labari a bakin kasuwa. Zan zo da kaina ranar jajibirin kasuwar, maƙwabcinmu Bala ya ba ni aron jakinsa. Ban gaya wa kowa dalili ba, na ce zumunci zan je. Kai ma ka riƙe bakinka. Wassalam.

*

Daga Ladan zuwa ga Yaya Barakatu.

Gaisuwa da ban haƙuri. Ban rena Usmanu ba, tsoro ne irin na mai sana'a. Na janye.

Na karɓo dogon ido. Ƙafafun akwatina ba a yi su don kallon sama ba, saboda haka na je har Jiga Makera, wani maƙeri ya ƙera mini ƙarfe mai juyawa da zan ɗora akwatin a kai, in bi abu da shi hagu da dama, sama da ƙasa. Ya tambaye ni ko sabuwar bindiga ce.

Kullum da hantsi ina mahauta ina koyo a kan ungulaye. Na lulluɓa da baƙin ƙyalle ina bin su, mahauta na ta dariya. Ɗayansu ya ce, “Ladan, in angulu taz zo amsar hotonta, mi za ta biya ka da shi, hanji?” Da fari ko inuwarsu ba na samu. Yanzu na gane dabarar. Ba a bin tsuntsu a baya, gabansa ake tara, a ɗauke numfashi, a bar shi ya shigo da kansa. Jiya na samu ɗaya har ana ganin wuyanta. Muni dai ba a magana, amma ta fito.

Farantan gilashin da hoto ke kamawa a kai sun kusa ƙare mini, na ware biyu masu kyau na ɓoye don ranar. Na kuma zaɓi wuri, tudun nan na bayan gari, inda ba itacen da zai tare mu. Na ji duk gari can za a hau, sai mu yi sammako. Safiya ta share miki ɗaki. Allah ya kawo ki lafiya.

*

Daga Barakatu, a Maiyama, zuwa ga ɗan'uwana Ladan.

Gaisuwa da godiya mai tarin yawa. Na iso gida lafiya, jakin Bala bai kayar da ni ba sai sau ɗaya. Ka gaishe da Safiya, Allah ya saka mata, ta riƙe ni kamar uwa.

Tun da na dawo ba ni da aiki sai tuna ranar nan. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, kasuwa guda ta kwashe ta hau tudu, har masu fura da ƙorensu. Ina ta dariya ni kaɗai in na tuna lokacin da muke jira, da ka juya akwatin wajen gulbi don ka gwada haske, ka ce in shiga ƙarƙashin ƙyalle in ga abin mamaki. Ba ka gaya mini komai a juye yake fitowa ba. Sai ga ruwa a sama, ga jirgin kwale-kwale a kife da ganguna, ga wani bawan Allah shi kaɗai a bakin kwata, tsaye da kai ƙasa kamar jemage. Ka tuna abin da na ce? Na ce wannan ko wa yake jira ya sha rana. Har ka ɓata faranti guda a kansa, na yi maka faɗa.

Da ƙarar ta taso daga kudu kuwa, kowa ya ɗaga kai. Mata suka yi ta salati, wasu suka kwanta. Ni ban ji tsoro ba ko kaɗan. Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa, ya karkata a kanmu, na ga kawuna biyu, na baya ya miƙo hannu yana kaɗawa. Ladan, hannunsa ne. Ban san lokacin da na ɗaga nawa ba, a gaban mutane, ni da ko gaisuwarsa ban taɓa amsawa ido da ido ba. Ban ji kunya ba, kuma har yau ban ji ba.

Na ji ƙarar maɓallinka a daidai lokacin, na kuma ga yadda ka fito daga ƙyalle kana gumi kana murmushi. Ka ce ya shigo tsakiya. Don haka kada ka ja mini rai. Ka wanke ka ba duk wanda ya fara tasowa wajenmu, ka naɗe shi da kyau kada ya karye. Na ɗinka masa 'yar jaka da ragowar farin ƙyalle. Wassalam.

*

Daga Barakatu zuwa ga Ladan.

Bayan gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru.

Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, har an ga watan Sha'aban. Duk wanda ya dawo daga Jega sai na aika a tambaye shi, har an fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Bala ya ce ya gan ka a bakin kwata, ka hango shi ka sauya hanya. In hoton ya dame ne, ka faɗa mini. Ni na zaɓi dogon ido, ba zan ɗora maka ba. Ko a dame yake ka aiko, ni zan gane shi. Shirun nan ya fi mini ciwo.

*

Daga Ladan, a Jega, zuwa ga Yaya Barakatu.

Sallama da aminci. Jikinmu lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, in akwai mutane kusa ki shiga ɗaki.

Hoton jirgin bai dame ba. Ya fito fiye da yadda na yi fata, har Mai Tsuntsaye ya roƙe ni in bar masa. Mutum biyu ne a ciki, kowanne da hular fata da tabarau. Duka biyun Turawa ne. Hannun da ya kaɗa mana, safa ce a jikinsa. Na rasa yadda zan rubuta miki wannan, shi ya sa na yi shiru. Har na yi niyyar in ce miki farantin ya fashe.

Ina cikin wannan sai ga Audu mai fito, tsohon nan da ke ƙetarar da mutane a kwata, ya yi sallama da ƙunshi a hammata. Ya daɗe yana cigiyar wanda ya san Barakatu ta Maiyama, sai da matarsa ta ji a bakin Safiya. Zan rubuta miki maganarsa yadda ya faɗe ta.

Ya ce, “Ran da kowa yah hau tudu, ni ban tahi ba. Wani jirgi yat taso daga Yawuri da gangunan mai na Turawa, da wani saurayi mai tsaron su. Yana sauka yat tambaye ni ko na ga wata tsohuwa daga Maiyama. Nic ce mai duk gari na tudu, hau ka duba. Yac ce ba shi iya barin kayan sai akawu ya amsa, akawu ko na tudu. Tun hantsi yat tsaya, ko inuwa bai shiga ba, wai kar ta zo ta rasa shi.”

Na tambaye shi, da jirgin sama ya wuce fa? Ya ce yaron ko kai bai ɗaga ba, ya ce ya gaji da ganinsu, idonsa na kan hanya. Bayan azahar akawu ya sauko ya karɓi kaya. Masu jirgin suka ce ruwa na janyewa, in suka kwana za su maƙale a yashi har baɗi. Lokacin mu muna gidana, kina ba Safiya labarin hannu.

Audu ya ce kafin ya shiga jirgi ya ba shi ƙunshin, ya ce, “Ba komi, baba. Ni ɗan hwari na, kunya ta tah hana ta zuwa. Ni dai na so in gan ta ko daga nesa. Ka ce mata na zo.” Ya ce daga nan Jabba za su, daga can a sa shi a jirgin ƙasa zuwa Ikko, can Turawa suka mai da aikinsa, wataƙila ma su ƙetare teku da shi. Bai san inda za a aika masa da takarda ba.

Yaya, jirgi ya ce, jirgi aka faɗa miki. Ɗantsoho ya dawo, na tare shi, ya rantse bai ƙara ba bai rage ba. Ni da aka haifa a bakin gulbin nan, nake jin kalmar jirgi tun ban san akwai mai tashi ba, na zauna ina auna ido dogo da gajere, ban taɓa cewa wane jirgi ba. Na yi kuka a gaban Audu, ban iya riƙewa ba.

Da ya fita sai na tuna farantin gwaji, wanda ko wanke shi ban yi ba. Nan take na wanke shi. Na kira Audu ya duba, ya ce shi ne, ko shakka babu. Duk da nisan nan fuskar ta fito sarai, don a tsaye yake cak, bai motsa ba.

Ga shi nan cikin ƙunshin, tsakanin allo biyu, tare da zanen da ya kawo miki da goron da ya riga ya bushe. In ba za ki iya buɗewa yanzu ba, ki ajiye. In kina so in zo, ki aiko, ko a ƙafa zan taho. Allah ya ba ki haƙuri, ya haɗa fuskokinku.

*

Daga Barakatu, a Maiyama, zuwa ga Ladan.

Amincin Allah gare ka. Ka tambayi lafiyata a bakin Bala, ya ce maka da sauƙi. Haka na ce ya faɗa. Ina ci, ina salla, ina amsa gaisuwar mutane.

Saƙo ya iso. Na daɗe ban kwance ba. Ran da na kwance, sai da na bari matan gida suka tafi sussuka, na jawo ƙofa na bar 'yar kafa don haske, na zauna na kalle shi tun hantsi har aka kira azahar. Ya rame, Ladan. Wa ke ba shi abinci a can? Ya tara gemu. Akwai tabo a haɓarsa wanda ban san shi da shi ba, ban san ko a hannuna ya samu ba ko a hannun duniya. Goshin na ubansa ne. Ashe idanun nawa ne, ba wanda ya taɓa gaya mini. Hular da ke kansa sabuwa ce, ko karyewa ba ta yi ba, kuma rigar ba ta aikin ganguna ba ce. Ado ya yi.

Kada ka ƙara cewa laifinka ne, kada kuma a tsangwami Ɗantsoho. Ka tambaya, ni na hana ka. Ina son ɗana ya zama wanda ake ɗauka a sama, shi ya sa kunnena ya ji abin da ya ji. Ka mayar wa Baturen idonsa ka yi masa godiya, ya yi abin da aka aro shi ya yi. Hoton jirgin kuma ka bar masa.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne uzurin da ya ba ni. Ya tafi yana ganin ina Maiyama a zaune, kunya ta fi shi a wurina. Ga ni kuwa a kan tudu, ina ɗaga wa baƙo hannu. Ka gaya wa Audu, duk jirgin da zai gangara Yawuri ko Jabba, a ba masu shi saƙo, ko Allah zai sa ya faɗa kunnen da ya san shi. A ce na zo. Kada a ƙara komai a kai, kada wani ya sake fassara mana. In ruwa ya dawo baɗi kuma ina raye, ka nema mini ɗaki kusa da kwata, ko na ajiye kaya ne.

Saura abu guda, kai kaɗai zan gaya wa. Na yi ta ba kaina haƙuri cewa a juye na gan shi ran nan, ba uwar da za ta gane ɗanta da kai ƙasa. Jiya na ce bari in gwada. Na juya takardar, na miƙa hannu da ita nesa, na kalla yadda na kalla a ƙarƙashin ƙyallenka. Kafaɗar hagu a sauke, hannu ɗaya riƙe da gwiwar ɗayan ta baya. Haka yake tsayawa a ƙofar madafa tun yana ƙarami in yana jiran in juyo.

Ana gane shi, Ladan. Ko a juye ana gane shi.

Wassalam.